Amsa ga ƙanenmu mai son shiga gasar gudun kilomita 21

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo, rubutawa ce ba zan iya ba ina kan hanya. Ƙanena, na ji tambayarka. Ka ce kana son shiga gasar rabin marathon, saura wata uku, kullum da yamma kana buga ƙwallo, kana tambaya ko ƙwallon ta isa atisaye.

To, gaskiya ba ta isa ba. Wata uku kam sun isa, amma ƙwallo daban, titi daban. A fili ka ruga, ka tsaya, a yi jifa, a yi gardama da alƙali, ka huta ba ka ma sani ba. A titi babu wannan. Kilomita 21 ne da mita kusan 100, ƙafarka tana dukan kwalta ba tsayawa, awa biyu ko fiye. Numfashin ɗan ƙwallo yakan kai, gwiwa da ƙwauri da tafin ƙafa ne suke fara kuka.

Abin da za ka yi, gudu sau uku ko huɗu a mako. Ɗaya daga ciki, ka ce ranar Asabar bayan sallar asuba, shi ne dogon. Fara da kilomita 6 ko 8, kana ƙara kaɗan-kaɗan, har ka kai 16 zuwa 18 saura mako biyu ko uku a yi gasar. Daga nan sai ka rage, ka bar jiki ya huta. Kuma dogon nan a hankali ake yin sa, yadda in wani yana gefenka za ku iya hira. In kana haki har magana ta gagara, ka yi sauri da yawa.

Amma abin da ya sa na ɗauki waya shi ne farkon tseren, don a nan ake zubar da mutane. Ka ga wurin tashi, tun duhu an cika, ga kiɗa a lasifika, ga 'yan sanda sun tare hanya, kowa da lambarsa a ƙirji yana tsalle. Ana harba bindiga sai ka ga jama'a sun ɓalle kamar an saki awaki daga turke. Jikinka zai ce maka bi su. Kada ka bi. Waɗancan dogayen na sahun gaba, 'yan Kenya da Habasha, sana'arsu ke nan. Yomif Kejelcha na Habasha ya yi wannan nisan a minti 57 da daƙiƙa 30 a Balensiya ta ƙasar Sifen a 2024. Yi lissafi, kowace kilomita ƙasa da minti 2 da daƙiƙa 45, sau 21 a jere. Mutanen nan a kan tsaunuka suke atisaye, garin Iten na Kenya ya kai wajen mita 2,400 sama da teku, iskar can ba ta ƙoshi, jini ya saba. Ko a nan gida ai shi ya sa yaran Filato, na Jos da Pankshin, suke yawan zuwa gaba cikin 'yan Najeriya. Kai da ni ba da su muke ba, da agogonmu muke.

Ga lissafin naka. In kana cin kilomita a minti 6, za ka gama a awa 2 da minti 7 haka. In minti 7 ne, wajen awa biyu da rabi. Mai son ya sauko ƙasa da awa 2 sai ya riƙe minti 5 da daƙiƙa 40. Zaɓi ɗaya tun a gida. Kilomita 5 na farko ka yi su ƙasa da abin da kake ji za ka iya, ko tsoho ya wuce ka, ko yarinya ta wuce ka, bar su. Wallahi daga kilomita 15 za ka fara tsintar su ɗaya bayan ɗaya, wani ya riƙe ƙugu yana tafiya, wani zaune a bakin kwalbati jijiyar ƙafa ta ɗaure, ya cire takalmi yana kallon sama. Yawancinsu ba ragwaye ba ne, ƙarfin ne suka kashe tun da safe.

Sai ruwa. Akan ajiye tebura a hanya, kusan duk bayan kilomita 5. Kurɓa kaɗan a kowanne tun ƙishi bai kama ka ba, sauran ka zuba a ka. Kada kuma ka ɗura har ciki yana ƙugi, yawan ruwa ba gishiri shi ma yana kayar da mutum. Ni dabino nake sawa a aljihu, in an wuce rabi in jefa ɗaya a baki. Kuma don Allah, kar wani ya ba ka ƙwaya ya ce ta ƙarfi ce. Tramadol ko maganin ciwon jiki kafin gudu cikin zafi haɗari ne, wasunsu ƙoda suke wa illa, kuma ciwon da ya kamata ya tsayar da kai ba za ka ji shi ba. In ka ji jiri, ko ƙirji ya riƙe, ko zufa ta ɗauke ana rana, tsaya ka nemi motar asibiti. Kafin ka fara atisayen ma je a auna maka jini.

Takalmi kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ka yi atisaye da shi, shi za ka sa, ko na gwanjo ne, in dai yatsu suna da wurin motsi. Sabo zai yi maka bororo. Yanke farce. Shafa basilin a cinya da hammata da kan nono, kar ku yi dariya, riga in ta jiƙe da zufa tana gurzar wurin har jini. Daren gasar ci shinkafa ko taliya, ban da yaji da yawa, ban da abin da cikinka bai sani ba. Da asuba ɗan koko da burodi ko ayaba, awa biyu kafin tashi. Lambar nan ta ƙirji kuma kada ka naɗe ta, akwai 'yar na'ura a bayanta, ita ke ɗaukar lokacinka in ka taka layi.

Hajiya, na ga kin tambaya ko mata suna shiga. Sosai ma. Letesenbet Gidey ta Habasha ta yi kilomita 21 ɗin nan a awa 1 da minti 2 da daƙiƙa 52 a 2021, maza nawa ne za su kamo ta? Kuma ana gudu da dogon wando da hijabi mara nauyi, babu mai hanawa. In 21 ta yi miki yawa, yawancin gasannin suna da ta kilomita 10 ko 5. Ko ta Legas da aka fara a 2016, babbar kilomita 42 ce, amma akwai ta 10 a gefe.

Ƙanena, ranar Asabar in Allah ya kai mu muna Murtala Square na Kaduna bayan asuba. Kilomita 6 za mu yi, zo da ruwanka, ban da takalmin ƙwallo. Sai na ji ku.