Ƙananan jaridun da suka tsaya wa 'yan asalin Meksiko a Amurka

Tambaya: A karatun da nake yi kan gwagwarmayar neman 'yanci a Amurka, ina yawan cin karo da sunayen ƙananan jaridun 'yan asalin Meksiko. Me jaridar unguwa za ta iya tsinana wa mutanen da ba mulki a hannunsu, ba kuɗi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Malam, aikinsu bai tsaya ga ba da labari ba. Su ne masu shela, su ne kuma zauren da jama'a ke haɗuwa su yanke shawara.

Da aka sa hannu kan yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo a 1848, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin Amurka da Meksiko, Meksiko ta rasa kusan rabin ƙasarta. Dubban mutane suka wayi gari ƙarƙashin Amurka ba tare da sun yi ƙaura ba. An yi musu alƙawarin kare dukiyarsu, amma filaye suka yi ta suɓucewa a kotunan da ba a jin Sifaniyanci. Tun a 1855 wani matashi, Francisco Ramírez, ya kafa El Clamor Público a Los Angeles, yana fallasa ƙwacen filaye da kisan gilla.

Wadda na fi so ka riƙe ita ce La Crónica ta garin Laredo a Texas, wadda Nicasio Idar ya gudanar tare da 'ya'yansa. A Nuwamban 1910 gungun mutane suka ƙone wani ɗan Meksiko, Antonio Rodríguez, da ransa a Rocksprings. A Yunin 1911 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Antonio Gómez, kisan gilla a Thorndale. La Crónica ba ta buga labari ta naɗe hannu ba. Ta yi ta kiran ƙungiyoyin taimakon juna da ke warwatse a faɗin jihar, har aka yi babban taron Congreso Mexicanista a Laredo cikin Satumban 1911. Aka tattauna kashe-kashen, da wariyar da ake nuna wa yara a makarantu, da batun filaye. A cikin shekarar mata suka kafa tasu ƙungiyar, 'yar Nicasio, Jovita Idar, ta shugabance ta. A ganina wannan ne ƙashin bayan lamarin: wanda aka zalunta a ƙauyensa ya karanta, ya gane ba shi kaɗai ba ne.

Kuma hukuma ta san haɗarin abin. A 1914, bayan jaridar El Progreso ta soki Shugaba Woodrow Wilson, dakarun Texas Rangers, wato jami'an tsaron jihar Texas, suka zo rufe ta. Jovita, wadda ke aiki a can lokacin, ta tsaya a bakin ƙofa ta hana su shiga. Daga baya suka dawo suka farfasa injin buga jaridar.

Wasu sun kai ƙara kotu da kansu. Ignacio López, mai jaridar El Espectador a Kalifoniya, yana cikin waɗanda suka yi ƙarar hukumomin San Bernardino kan hana 'yan Meksiko shiga wurin ninƙaya na gwamnati, suka yi nasara a 1944. A 1964 kuma Cesar Chavez da Dolores Huerta, jagororin ƙungiyar leburorin gona, suka fito da jaridar El Malcriado domin leburorin, cike da zane-zanen da ko wanda karatunsa bai yi nisa ba zai fahimta.

Sai La Raza ta Los Angeles, wadda ta fara fita a 1967. Ranar 29 ga Agustan 1970, yayin zanga-zangar adawa da yaƙin Biyetnam, wani ɗan sanda ya harba gwangwanin barkonon tsohuwa cikin mashayar Silver Dollar, ya kashe ɗan jarida Rubén Salazar. Mai ɗaukar hoto na La Raza, Raul Ruiz, yana wurin. Hotunansa sun nuna jami'in ya saita bindiga a bakin ƙofar, aka gabatar da su a zaman binciken mutuwar. Duk da haka ba a gurfanar da kowa ba.