Zan iya ɗaukar hoto da kyamarata a maikuroskof ɗin elektiron?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a. Muna da tsohon maikuroskof na elektiron, irin wanda ake kira TEM, wato wanda elektiron ke ratsa siririn samfur, kuma da fim yake ɗaukar hoto, ga shi fim ɗin ya yi wuyar samu. Ina da kyamarar Canon mai kyau. In na kafa ta a tagar dubawa, za ta wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ka samu hoto, amma ba irin wanda za ka auna abu da shi ba.

Kyamararka haske take gani, ba elektiron ba. Koren hasken nan da kake gani ta taga, allon da ke ciki ne aka shafa masa sinadarin zink salfaid, wanda ke walƙiya idan elektiron ya sauka a kansa. Don idon mutum aka yi allon. Ƙwayoyin shafensa manya ne, kuma a karkace za ka hango shi ta cikin gilashi mai kauri, sai abu zagayayye ya fito kamar ƙwai. In don nuna wa ɗalibai ne, ka kashe fitilun ɗakin, ka kafa kyamarar kada ta motsa, ka adana hoton a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba.

Gilashin nan kuwa, don Allah kada ka cire shi ko ka musanya shi don hoto ya ƙara fitowa. Akwai dalma a cikinsa, ita ke tare hasken eksire da ke tashi idan elektiron mai ƙarfin kilobolt 80 ko 120 ya bugi ƙarfe. Wannan ya fi damuna fiye da kowane hoto.

Kyamarar da aka ƙera don wannan aiki cikin jikin na'urar take shiga, inda aka zuƙe iska. A gabanta akwai siririn faifai, na fosfo ko na ƙiristal ɗin YAG, mai mayar da elektiron haske, sannan zaren gilashi ko lens ya kai hasken ga sashen da ke kama hoto, wato CCD ko CMOS, da ake sanyayawa don rage dishi-dishi. Wadda ake sawa a gefe, a gurbin tsohuwar kyamarar milimita 35, ta fi ɗaukar fili mai faɗi, ta dace da yankan tsoka da ƙwayoyin halitta. Ta ƙasa ta fi fitar da abu mai tsananin ƙanƙanta. Ga aikin asibiti ko nazarin halittu, ta gefe nake ba ka shawara, kuma injiniyan da ya san na'urar ne zai haɗa.

Akwai kuma kyamarori masu kama elektiron kai tsaye, irin su Gatan K2 da Falcon. Da K2 aka fitar da siffar furotin TRPV1, mai sa jiki jin zafi da yajin barkono, a San Faransisko a 2013. Tsadarsu ta wuce misali, kuma tsohuwar na'ura ba za ta ci moriyarsu ba.

Abin da na fi ganin ana sakaci da shi shi ne ma'auni. Lambar girman da na'ura ke nunawa ta fim ce, ba ta sabuwar kyamara ba, domin ba wuri ɗaya suke zaune ba. Ka nemi samfurin awo mai layi 2,160 a milimita ɗaya, ka ɗauke shi a kowane matakin girma, ka lissafa nanomita nawa ke cikin fiksel guda. Ka riƙa ɗaukar hoton duhu, wato ba elektiron, da na fili ba samfur, don manhaja ta goge tabon kyamarar. Hotunan aiki kuma a TIFF, tsarin da ba ya zubar da bayanai, za ka adana su, domin JPEG yana zubar da wani ɓangare na bayanan duk lokacin da aka sake adanawa.