Tambaya da Amsa: Yaya Zan Gane Irin Sautin da Kunnena Yake So?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina da iyafis guda biyu, irin waɗanda ake cusawa cikin ramin kunne. Na farkon na saye shi ne saboda yabon da masu sharhi suka yi ta yi masa, cewa sautinsa daidai yake, babu ƙari babu ragi. Na biyun kuwa yayana ne ya bar mini, kuma ban taɓa jin wani ya ambace shi ba. Idan na sa na farkon, muryar mawaƙi tana fita tar, amma sai in ji kiɗan ya bushe, ganga ba ta da nauyi. Idan na sa na biyun sai in ji daɗi nan take, amma kafin awa guda kunnena ya gaji, har in ƙosa in cire shi. Yau in ce wannan ya fi, gobe in ce wancan. Ina so in sayi wani, amma ban san abin da zan nema ba, domin ni kaina ban san abin da nake so ba. Shin kunnena ne bai ƙware ba? (Daga wani mai karatu)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kunnenka lafiyarsa lau, kuma wasiƙarka ta nuna cewa ka fi sanin abin da kake so fiye da yadda kake zato, tunda ka iya faɗin abin da ka rasa a na farkon da abin da ya dame ka a na biyun. Abin da ya rage shi ne ka tabbatar cewa abin da ka ji daga iyafis ɗin yake, ba daga yadda ka gwada su ba, domin akwai abubuwan da ke yaudarar mai sauraro kafin ma a zo ga maganar zaɓi.

Ka fara da 'yar robar da ke bakin iyafis ɗin, wadda mutane da yawa ba sa kulawa da ita. Wannan nau'in iyafis an ƙera shi ne domin ya toshe ramin kunne gaba ɗaya, kuma da zarar iska ta sami 'yar kafar fita, sauti mai kauri, wato abin da ake kira bes, shi ne yake fara zurarewa. Saboda haka bushewar da ka ji a na farkon tana iya zama roba ce ta yi wa kunnenka kaɗan. Ga yadda za ka gane: ka kunna waƙar da ka sani tana da ganga mai nauyi, sannan ka sa ɗan yatsa ka danna iyafis ɗin ciki a hankali. Idan ka ji ganga ta cika ta dawo da nauyinta, kana sakin yatsa kuma ta sake zama fayau, to laifin na roba ne. Ka gwada duk girman robar da aka haɗo maka da su, kuma lokacin sawa ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja saman kunnen sama da baya kaɗan, domin hakan yana miƙar da ramin. Alamar ta zauna ita ce hayaniyar waje ta ja baya, muryarka kuma ka ji ta tana amsawa a cikin kanka. Kada ka yi mamaki idan kunnen dama ya karɓi matsakaiciya, na hagu ya buƙaci babba. Hakan yana faruwa da mutane da yawa.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne ɓatar da masu kwatantawa, shi ne ƙarfin sauti. Tun a 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson, masu bincike a ɗakin gwaje-gwajen kamfanin Bell a Amurka, suka nuna cewa kunnen mutum ba ya jin dukkan sautuka da ƙarfi ɗaya. Ya fi saurin kama sautin da ke tsakanin haz 2,000 zuwa 5,000 (haz shi ne ma'aunin yawan girgizar sauti a daƙiƙa ɗaya), kuma idan aka rage murya, sauti mai kauri ne yake fara ɓacewa. Ma'anar wannan a gare ka ita ce, duk iyafis ɗin da ya ɗan fi ƙara zai yi kamar ya fi cika da armashi, ko da kuwa bai fi ba. Kuma iyafis biyu ba sa ba da ƙara ɗaya don kawai ka bar maɓallin wayarka a wuri ɗaya, domin wani yana buƙatar wuta fiye da wani. Ka sami wani shiri na magana zalla, ka daidaita muryar mai maganar har ta zo maka da ƙarfi ɗaya a duka biyun, ka rubuta matakin da kowanne ya tsaya, sannan ka riƙa komawa kan waɗannan matakan duk lokacin da za ka gwada.

Bayan haka sai gwajin kansa, kuma iri biyu ne, kowanne da amfaninsa. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin kamannin sauti sai na 'yan daƙiƙu, don haka wanda ya saurari waƙa sukutum da wannan, sannan ya sake ta da wancan, yana kwatanta abin da yake ji ne da abin da ya riga ya dushe. Ka zaɓi waƙoƙi uku ko huɗu da ka haddace, ka ware gutsure na kamar daƙiƙa ashirin a kowacce, ka riƙa sauya iyafis da sauri kana sauraron abu ɗaya tak a kowane zagaye: wannan karon ganga, na gaba murya, na gaba kuma ƙarar ƙarafan kiɗa. Wannan gwaji yana nuna maka inda suka bambanta, amma ba ya nuna wanda za ka iya zama da shi. Don sanin wannan sai ka ba kowanne kwana uku shi kaɗai, ka ajiye ɗayan inda hannunka ba zai kai ba, ka riƙa lura da lokacin da ka fara jin kana son cirewa da kuma lokacin da ka manta ma yana kunnenka.

Yanzu bari mu sa wa abin da ka ji suna, domin sunan ne zai taimake ka wajen saye. Mutum mai lafiyayyen kunne yana jin girgizar iska daga kusan sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, kuma wannan adadi shi ake aunawa da haz. Abin da ke ƙasa da kusan haz 250 shi ne kauri, inda nauyin ganga yake. Daga nan zuwa wajen 4,000 shi ne tsakiya, inda yawancin murya take zaune. Abin da ya haura haka shi ne kaifi, wanda ke ba sauti sheƙi. Bisa bayaninka, ina kyautata zaton iyafis ɗin yayanka irin wanda aka ƙara wa kauri da kaifi ne, aka bar tsakiya a ƙasa, abin da masu sharhi ke kwatantawa da siffar harafin V. Irin wannan yana burge mutum a minti na farko, amma tunda murya ta noƙe, sai ka riƙa ƙara sauti domin ka ji ta, kaifin kuma ya ƙaru tare da ita har ya riƙa sukar kunne. Ka saurari yadda haruffan s da sh da ts suke fita daga bakin mawaƙi. Idan suna tsira kamar allura, to akwai tudu a wajen haz 5,000 zuwa 8,000, kuma da wuya idan ba shi ne yake gajiyar da kai ba.

Hanyar da na fi amincewa da ita don tabbatar da wannan zato ita ce madaidaicin sauti, wanda ake kira ikwalaiza, kuma yana cikin yawancin wayoyi da manhajojin kiɗa. Ka ɗauki iyafis na farkon, ka ƙara wa abin da ke ƙasa da haz 100 ko 150 kamar desibel uku ko huɗu (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kada ka taɓa komai bayan wannan, ka yini da shi. Wata rana ka ɗauki na biyun ka rage masa desibel uku a wajen haz 6,000. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ne ya yi aikin ba. Idan yayanka yana kusa, ka ba shi wayar ya riƙa kunna gyaran yana kashewa ba tare da ya gaya maka ba, kai kuma kana faɗin wanda ka fi so, domin ido da zuciya suna son abin da aka yaba, kunne kuwa bai san sunan kamfani ba. Idan zaɓinka ya faɗa wuri ɗaya sau takwas ko tara cikin goma, to ka gano abin da kake nema.

Kada kuma ka ji nauyi idan zaɓin naka ya saɓa wa na masu sharhi. Sean Olive da abokan aikinsa a kamfanin Harman mai ƙera kayan sauti sun shafe shekaru suna gwada masu sauraro ba tare da sun san abin da ke kunnensu ba, har suka fitar da wani ma'aunin sauti da yawancin mutane ke so. Amma a binciken da suka gabatar a 2019 kan manyan hedifon masu rufe kunne, sun sami kusan kashi 64 cikin 100 ne suka fi son ma'aunin yadda yake, kusan kashi 15 suna son ƙarin kauri, kusan kashi 21 kuma suna son a rage shi. Wato fiye da mutum ɗaya cikin uku ya kauce wa abin da ake kira daidai. A iyafis bambancin yana da ƙarin dalili: ramin kunne, wanda tsawonsa ya kai kusan santimita biyu da rabi, yana ƙarfafa sautin da ke wajen haz 3,000 da kansa, kuma idan aka toshe shi wannan ƙarfafawar tana sauyawa, sai mai ƙera iyafis ya maye gurbinta bisa matsakaicin kunne. Naka kunnen ba lallai ya zama matsakaici ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Shawarata ita ce ka dakata da sayen na uku. Ina ganin abin da kake so shi ne tsabtar muryar na farkon tare da ɗan ƙarin nauyi a ƙasa, kuma mai yiwuwa babbar roba da desibel uku na kauri su ba ka shi a cikin abin da ke hannunka.

Tambaya: Malam, ina ganin zanen layuka masu hawa da sauka da ake sawa a sharhin iyafis, kuma ana cewa wanda ke da 'yan lasifiku da yawa a ciki ya fi. Shin zan iya zaɓe da waɗannan kawai? (Daga wata mai karatu)

Amsa: 'Yar'uwa, zanen, wanda ke nuna ƙarfin da iyafis yake ba kowane sauti daga kauri zuwa kaifi, yana da amfani ƙwarai, amma sai bayan kin san wurinki a kansa. Ki nemo zanen iyafis ɗin da kike da shi kuma kika san sautinsa, ki ɗora shi kan na wanda kike sha'awa, ki tabbatar mutum ɗaya ne ya auna su da na'ura ɗaya. A nan ne layin zai yi miki magana: wannan ya fi naki kauri, wancan ya fi shi kaifi. Ki sani kuma cewa awon yana raguwa a inganci daga wajen haz 8,000 zuwa sama, domin a can zurfin da aka cusa iyafis yana matsar da tudun sautin, kuma kunnen roba na na'urar ba naki ba ne. Game da yawan 'yan lasifiku, ban ɗauke shi ma'auni ba. Akwai mai lasifika ɗaya irin ta fata mai girgiza da aka daidaita shi da kyau, akwai kuma mai ƙanana biyar ko shida, irin waɗanda aka daɗe ana sawa a na'urar taimaka wa masu matsalar ji, da ba a haɗa su da kyau ba. Yadda aka daidaita sautin shi ne abin dubawa.

Tambaya: Na sayi sabon iyafis, ranar farko ban ji daɗinsa ba, amma bayan mako guda ya zama wanda na fi so, sai dai na lura ina ƙara masa murya fiye da da. Shi ne ya gyaru? (Daga wani ɗalibi)

Amsa: Mafi yawan sauyin daga gare ka yake, ɗana. Ƙwaƙwalwa tana sabawa da sabon sauti cikin 'yan kwanaki har ta mayar da shi ma'auninta, hannunka kuma ya koyi zaunar da robar daidai. Idan ka koma kan tsohon iyafis ɗinka yau, za ka ji shi baƙo. Amma maganar ƙara murya ita ta fi jan hankalina, kuma ina roƙonka kada ka yi wasa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a kan desibel 80, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage wannan lokaci da rabi, wato a kan desibel 89 awa biyar kacal suka rage. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne ba sa sake tsirowa idan sun mutu, kuma jin sauti mai kaifi ne yake fara tafiya. Yawancin wayoyi suna da wurin da ake sa wa ƙara iyaka, wasu har suna nuna yawan abin da ka saurara a mako. Ka kunna shi yau. Idan kuma kana jin kunnenka yana ƙugi ko yana dum bayan ka cire iyafis, ka rage murya, ka huta, kuma idan abin ya wuce kwana ɗaya ko biyu ka je likitan kunne ya auna jinka.