Tambaya da Amsa: Kundin waƙa ɗaya ya rabu kashi goma

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da waƙoƙi sun haura dubu huɗu a kwamfuta. Na zuba su a MusicBee, manhajar tsara waƙoƙi da kunna su, sai ga kundi ɗaya ya rabu gida-gida, mawaƙi ɗaya kuma yana fitowa da suna uku. A folda kuwa komai a jere yake. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Manhajar ba ruwanta da sunan folda. Abin da take karantawa shi ne bayanan da aka binne a cikin fayil ɗin kansa. A MP3 sunansu ID3, a FLAC kuma Vorbis comment. Tsarinka na folda yana da kyau, amma can ciki ne aka yi hargitsi.

Rabuwar kundi yawanci daga gurabe biyu take: Artist da Album Artist. Idan kundi yana da waƙa goma sha biyu, kowace da baƙon mawaƙi, kuma gurbin Album Artist babu komai, manhajar za ta ɗauki kowane suna a matsayin kundi dabam. Buɗe Mp3tag, manhajar gyara waɗannan bayanai, zaɓi waƙoƙin kundin gaba ɗaya, rubuta suna guda a Album Artist, ka danna Ctrl+S. Kada ka taɓa Artist, shi ke nuna wanda ya rera kowace waƙa. Suna uku kuwa bambancin rubutu ne: ɗigo, ko tazara da ta saura a ƙarshen suna wadda ido ba ya gani. Zaɓi rubutu ɗaya ka tsaya a kansa.

Wani abu da yake ba mu ciwon kai: tsohon ID3v1 haruffa 30 kacal yake ɗauka a gurbin take, kuma bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, shi ya sa suke komawa alamar tambaya. Saita Mp3tag ya riƙa rubuta ID3v2.3 da UTF-16, tsarin rubutu da ya san waɗannan haruffa.

MusicBrainz Picard, mai cike waɗannan bayanai da kansa, yana iya gane waƙa ta hanyar sautinta, amma wani lokaci yakan jingina ta ga bugun da ba shi ba ne. Duba kafin ka adana. Kuma kafin komai, kwafi tarin gaba ɗaya zuwa wani faifan ajiya.

Tambaya: Na haɗa jerin waƙoƙi mai tace kansa, na ce ya kawo na 1990 zuwa 1999 waɗanda na ba makin tauraro huɗu zuwa sama. Ya kwaso kusan rabin tarina.

Amsa: Malama, duba saman sharuɗɗan. Akwai zaɓi tsakanin all da any. Kin bar shi a any, wato waƙa ta cika sharaɗi ɗaya ma ta shiga. Mayar da shi all. Bayan haka za ki ga wasu sun ɓace, waɗanda gurbin shekararsu babu komai ne. Ki sani kuma manhajoji da dama suna ajiye taurari a rumbunsu, ba a cikin fayil ba. MusicBee tana da zaɓin rubuta su a fayil. Kunna shi, in ba haka ba ranar sauya kwamfuta wahalarki ta tafi a banza.

Tambaya: Waƙa ɗaya ina da ita sau biyu, 128 da 320 kbps (ma'aunin yawan bayanan sauti a daƙiƙa). In goge ƙaramar?

Amsa: Dakata tukuna. Wasu kan ɗauki 128 su mayar da ita 320, nauyi ya ƙaru, sauti bai ƙaru ba. Buɗe babbar a Spek, manhajar da ke nuna zanen sauti: in sautin ya yanke ƙit a wajen 16 kHz, akwai alamar daga ƙaramar aka kumbura ta. Gwada tsawonsu ma, don ɗaya tana iya zama rerawar dandali. In za ka goge, goge daga cikin manhajar, kada ta ci gaba da nuna fayil ɗin da babu shi.