Lensi mai zuƙowa don ɗaukar giwaye a Yankari

Malam, ka tambaya ko lensi mai zuƙowa zai wadatar wajen ɗaukar giwaye a Yankari da kyamararka Pentax 645 mai cin fim na 120, wato fim mai faɗi da ya fi na milimita 35 da aka saba da shi. Zai yi, amma ka sani cewa faɗin wannan fim yana rage yadda lensi ke janyo abu kusa. Lensi mai tsawon milimita 300 a kan 645 daidai yake da mai kusan milimita 185 a kyamarar da ke cin fim na milimita 35, saboda haka tsuntsaye za su fito ƙanana ko da ka zuƙo har ƙarshe.

Pentax ta ƙera guda biyu da suka dace da buƙatarka, wato 80-160mm f/4.5 da 150-300mm f/5.6. A ganina na biyun ne na daji, na farkon kuwa ya fi amfani a hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Bauchi, inda dawakai ke matsowa kusa. Da yake f/5.6, wato iyakar buɗewar lensin, ba ya shigar da haske sosai, ka sa fim mai ISO 400 (ma'aunin saurin kama haske na fim), kada saurin ɗaukar ya gaza 1/500 na daƙiƙa idan a hannu kake riƙe da kyamarar, sannan ka jingina lensin a kan ɗan buhun yashi a tagar mota bayan direba ya kashe injin. Lokacin hunturu kuma ka guji canza lensi a fili saboda ƙura.