Takardar CCNA Kaɗai Ba Ta Kai Mutum Kujerar Farfesa

Tambaya: Malam, ina aji uku a sashen injiniyan kwamfuta. Burina in zama malamin jami'a mai bincike kan hanyoyin sadarwar kwamfuta. Na fara karatun CCNA, sai dai lissafi ba ya shiga kaina. Akwai yadda zan kauce masa? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Babu, ɗana. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. CCNA, takardar ƙwarewa ta kamfanin Cisco, za ta koya maka saita rauta da suwic, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da juna, sana'a ce mai kawo abinci, amma mai bincike ana tambayarsa me ya sa netwok ke cushewa, kuma a wane mataki. Wannan amsar a cikin lissafi take.

Dubi Leonard Kleinrock. Da rana yana aiki, da dare yana karatu a City College da ke New York, ya kammala a 1957. Ya wuce jami'ar MIT ya yi digiri na biyu a 1959, na uku a 1963, a shekarar kuma ya fara koyarwa a jami'ar UCLA da ke Los Angeles. Kundinsa kan lissafin jerin gwano ne, wato yadda saƙonni ke bin layi a cikin netwok. Sai ranar 29 ga Oktoba 1969 aka aika saƙon farko na ARPANET, netwok ɗin da ya zama tushen intanet, daga ɗakin gwajinsa zuwa cibiyar bincike ta SRI. An so a rubuta "login", haruffa biyu kacal suka isa, na'urar ta tsaya. Lissafin ya riga wayar zuwa da shekara shida.

Ga ɗanɗano. A mafi sauƙin tsarin layi, wanda ake kira M/M/1, matsakaicin jinkiri shi ne 1 a raba da bambancin abin da rauta ke iya sallama da abin da ke shigo mata. A ce tana iya sallamar fakiti, wato ƙunshin saƙo, 1000 a daƙiƙa. In 500 ke shigowa, jinkiri milisakan 2 ne. In 900 ne, ya zama 10. In 990 ne, ya kai 100. Kaya sun ƙaru da kashi 10 cikin ɗari kawai, jinkiri ya ninka sau goma! Wanda bai fahimci wannan ba zai yi ta zargin kebul yana canza shi.

Saboda haka ka koma kan darasin yiwuwa da ƙididdiga da aljabara, ka riƙe su gam. Ka koyi C++ da Python, ka gina wannan misalin a ns-3, manhajar kwaikwayon netwok, ka maimaita gwajin sau goma ko fiye kana sauya lambar da ke juya bazuwarsa. Sakamakon gwaji ɗaya tal ba hujja ba ne, kuma nan ne masu duba muƙala ke fara kama ɗalibai. Ka tsare makinka, domin yawancin jami'o'inmu ba sa ɗaukar mataimakin malami da ƙasa da 2:1. Bayan bautar ƙasa, in ka samu gurbi a jami'ar gwamnati, asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund na ɗaukar nauyin ƙarin karatun malamai.

Tambaya: Wata mujalla ta ce za ta buga muƙalata cikin kwana 3 in na biya. Malama daga Katsina.

Amsa: Malama, kada ki biya. Dubawar masana kan ɗauki watanni. Nemi sunan mujallar a Scopus, rumbun mujallun da aka tantance, ko ki nufi tarukan ƙungiyoyin masana na IEEE da ACM.

Tambaya: Mininet, manhajar kwaikwayon netwok, ta ƙi hawa Windows ɗina.

Amsa: Ai ba za ta hau ba, ta Linux ce. Saka Ubuntu, wani nau'in Linux, a cikin VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar gudanar da shi a kan Windows, ka ba ta RAM 2GB zuwa 4GB.

Tambaya: Wireshark, manhajar duba fakitin da ke wucewa a netwok, ba ta nuna mini komai.

Amsa: Wataƙila ka tsallake Npcap, ƙaramar manhajar da ke kamo mata fakiti a Windows, lokacin saka ta. Sake saka ta, sannan ka zaɓi katin netwok ɗin da kake kai, Wi-Fi ko Ethernet.