Amsa ga ƙanen da jakar kyamara ta kashe wa kafaɗa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena da ka yi tambaya daren jiya, ka ce jakar rataye ta kashe maka kafaɗa, duk ranar da ka yi aikin biki sai ka kwana da ciwon wuya, kana so ka ji ko ka koma jakar goyo ko ka nemi wata ta ratayen mai kyau. Wallahi ina karantawa sai da na kai hannu na dafa kafaɗata ta dama. Har yau in sanyin hunturu ya shigo Garwa sai ta motsa mini. Shekara shida na yi da jakar rataye, ina ce wa kaina gajiya ce kawai, sai ranar da na ɗaga hannu zan yi kabbara na ji kamar an soka mini allura a wuya.

Ka fara auna kayanka tukuna. Ka kai su wurin mai sikeli a kasuwa, kar ka ji kunya. Ni kyamarar Canon 6D ce a hannuna, ita kaɗai wajen giram 750, obijektif, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, na 24-105 ya kusa giram 700, dogon nan na 70-200 mai 2.8 kilo ɗaya da rabi. Ka sa filasha, batura, caja, gorar ruwa, da nauyin jakar kanta, ka ga an doshi kilo 5. Duk a kan ƙashi ɗaya, daga ɗaurin aure da safe har kai amarya da dare. Jiki yakan karkace don ya rama nauyin, kai ba ka sani ba, shi ne ciwon wuyan da kake ji. Babu faɗin igiyar da zai raba ka da wannan, sai dai ya jinkirta shi.

Amma ni ba ciwon ne ya raba ni da jakar ba, hasara ce. Bari in ba ka labarin, don har gobe yana ci mini rai.

A 2019 na je wurin wani mai shago, mutumin da muke gaisawa, muna haɗuwa a sahu ɗaya ranar Juma'a. Ya ɗauko mini jaka baƙa mai tambarin wani babban kamfani a gaba. Na ce Alhaji, tsakaninka da Allah ta asali ce? Ya ce wallahi tallahi daga Faransa aka kawo ta, guda uku suka zo, biyu sun tafi. Na ba shi sefa 18,000 ban ko yi ciniki sosai ba, saboda rantsuwar. Ƙugiyar da ke riƙe igiyar roba ce, na gani da idona, raina bai kwanta ba, amma ya ce irin robar da ake jirgin sama da ita ce. Na yarda.

Mako uku bayan nan aka kira ni biki a Pitoa. Na hau moton ɗan kilando, wato babur ɗin ɗan acaɓa, jaka a rataye a gefena. Mun fita gari kenan ya faɗa wani rami, sai na ji ƙas, nauyi ya bar jikina. Na waiwaya na ga jakar tana birgima a kwalta, zik ya buɗe, dogon obijektif ɗina ya fito yana gangarawa shi kaɗai. Na diro tun moto bai tsaya ba, gwiwata ta goge, ban ma ji ba. Da na ɗauke shi na girgiza sai na ji ƙarar gilashi a ciki kamar tsakuwa a gwangwani. Ƙanena, ni magidanci ne mai 'ya'ya uku, na zauna a bakin titi na yi hawaye. Wannan obijektif shekara biyu na yi ina tara kuɗinsa, har adashen uwargida ya shiga ciki. Yaron mai moton, Allah ya yi masa albarka, shi ya tsinto mini batura ɗaya ɗaya cikin ƙasa, ya ƙi karɓar kuɗin hawa.

Bikin na yi shi da 24-105, hannuna na rawa. Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na koma wurin mai shagon washegari. Na ajiye jakar da tsinkakkiyar ƙugiya a gabansa. Ko kallon gwiwata bai yi ba. Ya ce ni na cika mata kaya. Na ce jakar kyamara ce, me zan zuba a ciki, auduga? Ya ce kayan da ya fita shago ba ya dawowa. Na ce ba kuɗi na zo karɓa ba, ka dai ce mini ka yi haƙuri. Bai faɗa ba. Ya juya ya ci gaba da danna wayarsa, mutane na kallo. Da na farke ɗinkin ciki a gida, abin da na ɗauka soso ne ashe kwali ne aka lulluɓe da ƙyalle. Kwali! Har yau muna haɗuwa a masallaci, ina ba shi hannu don addini ya ce in bayar, amma na bar shi da Allah. Kuma na ga irin jakar rataye a shagonsa bara, yana jiran wani.

To, in za ka saya, ko wace iri ce, ka fara da inda igiya ta haɗu da jiki. Ƙugiya ta zama ta ƙarfe, ɗinkin wurin ya zama mai kusurwa huɗu da gicciye a tsakiya. Ka ja da ƙarfinka a gaban mai shago, in ya ɓata rai ka ajiye masa. Ka duba kan zik, in ka ga an rubuta YKK, sunan kamfanin zik, alama ce mai kyau, ko da yake shi ma ana kwaikwayonsa, don haka ka buɗe ka rufe sau goma ka ji ko yana cijewa. Ka matsa ƙasan jakar da yatsa biyu. In yatsunka suka ji juna, to kyamararka ma za ta ji ƙasa duk lokacin da ka ajiye.

Yanzu jakar goyo nake amfani da ita, Lowepro Flipside, gwanjo, wani abokina ya samo mini a Yawunde ya taho da ita ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundere. Abin da ya sa nake sonta, ta bayanta ake buɗewa, ɓangaren da ke manne da gadon bayanka. Ranar hawan sallah a ƙofar fadar Lamido, lokacin da dawakai suka sako kowa na ture kowa, babu mai iya zuge maka zik ta baya. Kuma in ka kwantar da ita a ƙasa, fuskarta ce ke cin ƙura, ba inda zai taɓa rigarka ba. Sai ɗamarar ƙugu. Kar ka sayi jakar goyo marar ɗamara mai kauri, in ba haka ba ka raba ciwon ne kawai gida biyu. Ka ɗaure ta a kan ƙashin ƙugu ta yadda shi zai ɗauki yawancin nauyin, igiyoyin kafaɗa su zama na riƙo, ka kuma maƙala ƙaramar igiyar ƙirji. Abu mafi nauyi ya kwanta kusa da bayanka.

Ba zan ɓoye maka aibinta ba. A watan Maris da Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, bayanka zai jiƙe sharkaf, shadda kuwa ba ta ɓoye gumi. Nemi mai raga da hanyar iska a baya. Sannan tana da jinkiri. Ango zai fito kana kokawa da zik. Abin da nake yi, jakar goyo don hanya ce, in na isa sai in ajiye ta wurin wanda na amince da shi, in ɗaura ƙaramin aljihu a ƙugu mai obijektif ɗaya da batura. Wannan dabara a wurin baƙin masu hoto na gan ta lokacin gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022, ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a filin Roumdé Adjia na nan Garwa. Na lura da yawa daga cikinsu ba sa rataya komai mai nauyi a kafaɗa ɗaya, akwati mai taya suke ja, sauran a ƙugu. Akwatin ba zai yi mana ba, ina taya za ta bi a yashin unguwanninmu? Amma aljihun, wani baduku a Marwa ya ɗinka mini da fata, na kai masa obijektif ya auna, na ce ya sa soso a ciki. Shekara uku kenan ko zare bai saki ba.

Ƙura kuma, kar ka raina ta. Daga Disamba zuwa Fabrairu tana shiga ta haƙoran zik. Ledar ruwan sama da ke zuwa da jaka, ni a hunturu na fi sa ta fiye da damina, musamman a kan moto. Da damina kuma kar ka bar kaya su kwana a rufe cikin jaka mai danshi, naman gwari yakan tsiro a cikin gilashi kamar saƙar gizo, kuma cire shi sai an kwance obijektif ɗin gaba ɗaya. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi, ka riƙa tara su kana zubawa. Baƙar jaka kada ta zauna a rana, batura ba sa son zafi.

In za ka hau motar Marwa ko Ngaundere, a cinyarka za ta zauna. Ko yaran mota sun yi ta magiya, kar ka bari a ɗora ta sama a danne da buhun albasa. Shi ya sa ma ban son jaka mai girma sosai, ga shi in ta yi girma sai ka ga ka cika ta da abin da ba ka buƙata. Katin memori kuwa ba a jaka nake sa shi ba, a aljihun gaban rigata yake. Kyamara in ta tafi za a nemi wata, amma me za ka gaya wa uwar amarya? Kuma don Allah ku daina ba da aron jaka da kaya, an taɓa mayar mini da tawa tana warin man fetur, ba a ce mini komai ba.

Wuyan nan naka ka je asibiti a duba, musamman in ka fara jin yatsunka suna mutuwa ko kamar kiyashi na tafiya a hannun. Ni na yi ta shafa man zafi na ɓata lokaci. Kafin ka samu kuɗin sabuwa, ka rataya ta yanzu a gicciye, ta ƙetare ƙirji, kana sauya kafaɗa, ka rage abin da ba ka taɓawa a wurin aiki, ka kuma kai wa mai gyaran takalmi ya cire ƙugiyar in roba ce ya ɗinke igiyar kai tsaye.

Ba ka faɗi garin da kake ba. In a Garwa kake, ka yi mini magana ta gefe, ka zo da kayanka duka mu zuba a tawa ka goya, ka yi tafiyar rabin awa da ita a rana kafin ka kashe ko dala.